Zabura a Bakin Barci: Dalilinta, da Abin da Ya Raba Ta da Ciwo

Zabura a bakin barci motsi ne na farat ɗaya da jiki kan yi ba da nufin mai shi ba, a daidai lokacin da ido ya lumshe amma barci bai riga ya yi nauyi ba. Mutum ya kwanta, hankalinsa ya fara gushewa, sai ƙafa ta harba, ko hannu ya fizge, ko gangar jikin gaba ɗaya ta girgiza sau ɗaya. Galibi takan zo tare da jin an faɗa rami, ko an yi tuntuɓe, ko an zame daga bakin gado. Wani walƙiya yake gani, wani kuma ya ji ƙara a cikin kansa alhali ɗakin shiru yake. Sai ya farka gabansa na faɗuwa, numfashi na fita da sauri, wani lokaci har da ɗan gumi. Motsin kansa ba ya kai sakan ɗaya. Da yawa ma ba sa farkawa sam, sai da safe wanda suka kwana ɗaki ɗaya ya ba su labari.

Abu ne gama-gari. Ƙiyasin da littattafan likitancin barci ke kawowa shi ne mutum 60 zuwa 70 cikin 100 sukan gamu da ita, maza da mata, yaro da babba. Ke nan a zauren da ya ɗauki mutum talatin a Daura ko Sandamu, wajen ashirin sun san abin da ake magana a kai, ko da babu wanda ya taɓa faɗa wa wani. Likitoci sun sa ta a rukunin fizgar tsoka da ke faruwa ga mai cikakkiyar lafiya, rukuni ɗaya da shaƙuwa. Silas Weir Mitchell, likitan jijiyoyi a birnin Filadelfiya na Amurka, ya bayyana ta a rubuce a 1890. A 1959 Ian Oswald na Birtaniya ya bi ta da na'urar auna wutar ƙwaƙwalwa, kuma awonsa da na waɗanda suka biyo bayansa sun nuna cewa a barci mara nauyi take aukuwa, ba tare da irin tartsatsin da ake gani a ƙwaƙwalwar mai farfaɗiya ba.

Mashigar barci

Ba a faɗawa barci gaba ɗaya; hawa-hawa ake shigarsa. Ayatul Kursiyyu ta ambaci gyangyaɗi daban da barci, malaman fiƙihu kuma sun daɗe da tsefe wannan bambanci saboda hukuncin alwala. Duk wanda ya zauna gaban malamin zaure a ƙasar Daura ya ɗauki Ishmawi ya san an kasa barci gida huɗu bisa nauyi da tsawo: mai nauyi yana warware alwala ko da gajere ne, mara nauyi ba ya warwarewa, sai dai in ya yi tsawo an so a sake ta. Masu sharhin Malikiyya sun ba da alamomin nauyin barci da kowa zai iya gani: a ɗaga murya kusa da mutum bai ji ba, tasbaha ta suɓuce daga hannunsa bai sani ba, yawu ya dalalo bai farga ba. Waɗannan alamomi, in aka duba, abu biyu suke aunawa, wato rufewar ƙofofin ji da kuma sakewar tsoka. Su ne kuma ainihin abubuwan da ɗakunan binciken barci ke aunawa a yau da wayoyi da na'urori. Wannan lura ce mai kyau ƙwarai, kuma ya kamata ɗaliban kiwon lafiya na wannan yanki su san cewa tana cikin littattafan da ke gidajensu.

Awon na'ura ya fara ne da Hans Berger, likita a garin Jena na Jamus, wanda ya wallafa sakamakon auna wutar ƙwaƙwalwar ɗan'adam a 1929. A 1937 Loomis da abokan aikinsa suka nuna cewa zanen wutar yana sauyawa mataki-mataki yayin da mutum ke nutsewa cikin barci. A 1953, a Jami'ar Shikago, Aserinsky da Kleitman suka gano matakin da ƙwayar ido ke kai-komo da sauri a ƙarƙashin fata, wanda a cikinsa aka fi yin mafarki. A yau ana lissafa mataki huɗu, suna zagayawa cikin kusan minti 90, sau huɗu zuwa shida a dare.

Matakin farko shi ne gidan zabura. 'Yan mintoci kaɗan ne, bai fi kashi 5 cikin 100 na barcin dare ba. Mutumin da ya rufe ido yana hutawa, wutar ƙwaƙwalwarsa tana kaɗawa sau 8 zuwa 13 a sakan; da ya fara gyangyaɗi sai ta sauko zuwa sau 4 zuwa 7. Ido ya riƙa juyawa a hankali, bugun zuciya ya ragu, zafin jiki ya fara sauka, tsokoki su saki. In aka tashi mutum a wannan mataki, sau da yawa rantsuwa zai yi cewa idonsa biyu. A nan ne kuma hotuna da muryoyi marasa kan gado ke giftawa a zuci, rabi tunani rabi mafarki.

Abin da ke fizgar jikin

A gindin ƙwaƙwalwa, inda ta haɗu da laka, akwai tarin jijiyoyi masu riƙe mutum a farke. Giuseppe Moruzzi da Horace Magoun ne suka tabbatar da aikinsu a 1949, da suka ga cewa tsikarar wurin da 'yar wuta yana farkar da ƙwaƙwalwar dabba nan take. A can sama kaɗan, a sashen da ake kira haifotalamus, akwai wani ɗan gungu na ƙwayoyin jijiya da ke tashi aiki in barci ya zo, wanda Clifford Saper da abokan bincikensa a Jami'ar Harvard suka fito da shi fili a 1996. Waɗannan ɓangarori biyu danne juna suke yi: in na farkawa ya yi ƙarfi sai ya kashe na barci, in na barci ya rinjaya sai ya kashe na farkawa. Hikimar wannan tsari ita ce kada mutum ya daɗe a tsakiya, ba a farke ba, ba a barci ba. Amma sauyin ba kullum yake tafiya sumul ba. Kamar a gidan da ake juya layi daga janareta zuwa wutar NEPA ne: ƙwan fitila kan ƙifta sau ɗaya kafin haske ya daidaita. A wannan ɗan tsakani, ɓangaren farkawa da ake kan kashewa yakan saki saƙo guda mai ƙarfi ya gangara ta laka zuwa tsokoki, su kuwa su amsa da fizga. Wannan shi ne bayanin da akasarin masana suka fi karkata gare shi.

Jin faɗawa rami yana da nasa bayani. Ƙwaƙwalwa tana sanin inda jiki yake ta hanyar saƙonni uku: abin da ido ke gani, abin da can cikin kunne ke aunawa na daidaito, da abin da tsokoki da gaɓoɓi ke faɗa. A bakin barci ido ya rufe, tsokoki sun saki, saƙonnin sun yi rauni gaba ɗaya. Wasu masana na ganin ƙwaƙwalwa kan fassara wannan sakewa da cewa jiki na faɗuwa, sai ta ba da umarnin a riƙe. Wasu kuma na ganin fizgar ce ke riga zuwa, sannan ƙwaƙwalwa ta yi sauri ta ƙirƙiro mata labari, wato tuntuɓe ko rami, kamar yadda takan saka kiran sallar asuba cikin mafarkin wanda bai gama farkawa ba. Ko wanne ne daidai, ramin ba ya ɗauke da wani saƙo game da abin da zai faru gobe. Faɗuwar gaban da ke biyo baya kuwa amsa ce ta jiki ga kowace irin razana, kuma takan lafa cikin minti ɗaya ko biyu.

Abubuwan da ke ƙara ta

Duk abin da zai sa ɓangaren farkawa ya ƙi sauka a kan kari yana ƙara yawan zabura. Na gaba a cikinsu shi ne kafeyin, kuma a nan ne maganar ta fi shafar ƙasar Hausa. Tun daga wayewar gari wani sinadari mai suna adenosin yake taruwa a ƙwaƙwalwa. Yawansa shi ne ke kawo nauyin ido da dare. Kafeyin yana toshe gurbin da adenosin ke zama, sai gajiyar ta kasance tana nan amma ƙwaƙwalwa ba ta jin kiranta. Jiki kuma ba ya saurin fitar da shi: kusan awa biyar ake yi kafin rabin abin da aka sha ya fita. Ga mace mai tsohon ciki lokacin kan ninka, har ma ya wuce haka. Wani gwaji da aka yi a Detroit ta Amurka, aka wallafa a 2013, ya nuna cewa miligiram 400 na kafeyin da aka sha awa shida kafin kwanciya ya rage barci da fiye da awa guda, alhali masu shan ba su lura da yawan asarar ba.

Goro yana ɗauke da kafeyin kusan kashi 2 cikin 100 na nauyinsa in ya bushe. Ba baƙo ba ne a nan. Ƙarni da ƙarni fatake suna zuwa Gwanja su ɗauko shi, kuma har yau da shi ake ɗaura aure, da shi ake raɗa suna. Dattijon da ke ɓantarar goro tun hantsi har bayan isha'i ba ya lissafa shi cikin abubuwan da ke hana barci, domin ya saba. To amma sabo yana rage jin kaifin abu ne kawai, ba ya kawar da tasirinsa a kan barci gaba ɗaya. A kan goro aka ƙara shayi. Teburin mai shayi ya fi cika bayan magariba, kuma da yawa sai an zuba musu Nescafe a kai. A garuruwan kan iyaka irin su Mai'aduwa da Kwangwalam da Zango, shayin Buzaye da ake dafawa a 'yar buta kan gawayi, zagaye uku, ya zama abokin hirar dare, kuma zagayen farko yana da ƙarfi sosai. Sai kuma lemon ƙara kuzari da samari suka runguma, wanda ƙaramin gwangwaninsa kan ɗauki miligiram 80. Masana abinci sun sa iyakar babba mai lafiya a miligiram 400 a yini, mai ciki kuma 200. Wanda ya haɗa goro da shayi da lemon kuzari a yini ɗaya yana iya tsallake wannan iyaka bai sani ba. Nikotin da ke cikin sigari da shisha da tabar gargajiya shi ma mai tayar da jijiya ne.

Na biyu shi ne bashin barci. Babba yana bukatar aƙalla awa bakwai. Wanda ya tauye wannan kwanaki a jere, in ya kwanta sai ƙwaƙwalwa ta yi rige-rigen nutsewa, sauyin ya zo da gaggawa, fizga ta fi yawa. Rayuwar wannan yanki tana da lokutan da barci ke ƙaranci ga kusan kowa. A bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafi kan haura digiri 40 da rana, ɗaki ya riƙe shi har tsakar dare, mutane su fito tsakar gida ko ƙofar gida suna juye-juye. Jiki kuwa sai zafinsa ya ɗan sauka yake samun shiga barci da kyau. A azumi ga asham, ga tahajjud a goman ƙarshe, ga tashin sahur. Ga masu gadi, da ma'aikatan jinya masu kwanan asibiti, da ɗaliban da ke raba dare lokacin jarrabawa, da uwar da ke shayarwa. Ga gidan kallon ƙwallo, ga wayar hannu da ake shiga bargo da ita. Ba abin mamaki ba ne mutum ya lura zaburarsa ta ƙaru a irin waɗannan lokuta, ta kuma ragu in sun wuce.

Damuwa ita ce ta uku. Mai tunanin bashi ko rashin lafiyar ɗa ko tsadar taki yakan kwanta jikinsa a gajiye amma zuciyarsa a tsaye. Motsa jiki mai tsanani dab da kwanciya shi ma yana barin jijiyoyi a ɗame. Wasu magungunan asibiti, musamman na ciwon damuwa, suna ƙara ta. Wannan magana ce da za a kai wa likitan da ya rubuta su, kada a yanke shan su kai tsaye.

Akwai rukuni ɗaya da bai kamata a sassauta magana a kansa ba, wato ƙwayoyin maye. Tramadol, wanda masu aikin ƙarfi da 'yan acaɓa da wasu matasa ke sha don kashe gajiya, yana haddasa fizgar tsoka, kuma in an zarce ƙima yana jefa mutum cikin jijjiga ta gaske ko da bai taɓa farfaɗiya ba. Gwamnatin Tarayya ta hana sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin a watan Mayun 2018 saboda ɓarnar da ya yi, musamman a Arewa. Wanda ya saba da waɗannan, ko da ƙwayoyin sa barci irin su diyazefam, ko barasa, in ya daina farat ɗaya jikinsa kan ɗauki karkarwa da fizga da rashin barci, wani lokaci har da jijjiga. Irin wannan dainawa a hannun likita ake yin ta.

Direba yana da tasa magana daban. In yana tuƙi a hanyar Daura zuwa Kano ta Kazaure, ko a hanyar Katsina, ya ji kansa ya sunkuya ya zabura ya ɗago, to ya riga ya yi barci, ba shirin yi yake ba. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowane sakan. Sakan uku na gyangyaɗi sun haura mita 80 babu mai riƙe da sitiyari. Ƙara goro ko buɗe gilashi ba ya biyan wannan bashi. A gangara gefe a runtsa na minti ashirin, ko a ba wani tuƙin.

Tsoron da ke biyo baya

Illar zabura mafi girma ita ce tsoron da take haifarwa. Abu ne da ke zuwa cikin duhu, ba da izinin mai shi ba, tare da jin faɗuwa, don haka ba wuya a danganta shi da iska ko sammu ko maita, ko a ɗauka ciwon zuciya ne ke sallama. Wanda ya tsorata sai ya kwanta yana dakon zuwanta. Dakon ya hana shi barci, rashin barcin ya ƙara zaburar, zaburar ta ƙara tsoron. Haka mutum mai ƙoshin lafiya kan wayi gari da ciwon rashin barci na watanni, ya kashe kuɗi a wajen masu magani, alhali bayani na minti biyar zai iya warware masa matsalar tun farko.

Addu'o'in kwanciya da aka koya tun ƙuruciya, har da wadda ta zo a hadisi musamman don mai firgita a barci, ba su cin karo da wannan bayani ko kaɗan. Mai kwanciya da alwala da natsuwa, wanda ya bi sunnar rage hira bayan isha'i, ya riga ya yi rabin abin da likitan barci zai umarce shi. Inda gyara yake shi ne a daina zargin maƙwabci ko kishiya a kan abin da jikin mutum shida zuwa bakwai cikin goma ke yi.

Girgizar da ba zabura ba

Abin da ya fi damun masu aikin lafiya shi ne yadda tsoro ke sauka a inda bai dace ba: a firgita da zabura mara illa, sannan a zauna a gida da girgizar da ke kisa. Alamomin zabura ta lafiya sanannu ne. Sau ɗaya take zuwa, ko jefi-jefi. A bakin barci take. Ba ta kai sakan ba. Mutum na farkawa ya san kansa da inda yake. Babu zazzaɓi, babu cizon harshe, babu fitsari. Abin da ya saɓa wa wannan siffa wani abu ne daban.

Rawar ɗari ta zazzaɓin cizon sauro ita ce aka fi gamuwa da ita a nan, musamman daga tsakiyar damina zuwa kaka. Jiki na kyarma ba tsayawa, haƙora na haɗuwa, mutum na neman bargo ko da ana zafi, na tsawon minti goma sha biyar har zuwa awa guda; sai zafin jiki ya hau, daga baya gumi ya karyo. Mai ita yana cikin hayyacinsa. Gwajin jini na ɗan yatsa ake yi, a ba da magani in an tabbatar. Rigakafin da ake raba wa yara 'yan wata 3 zuwa 59 wata-wata a lokacin damina, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawararsa a 2012, a Jihar Katsina aka fara gwada shi a Nijeriya daga 2013, kuma Ɓaure da Mai'aduwa na cikin ƙananan hukumomin farko.

Jijjigar yara a kan zazzaɓi ta fi kama 'yan wata shida zuwa shekara biyar. Yaro ya sandare, ido ya kakkafe, gaɓoɓi su riƙa fizga a jere, ba ya amsa kira. A yankin da zazzaɓin cizon sauro ke taɓa ƙwaƙwalwa, kuma sanƙarau ke ɓulla a lokacin zafi, duk yaron da ya yi haka asibiti za a nufa da shi nan take. Haka mace mai ciki ko mai jego da ta yi jijjiga, ko da sau ɗaya, musamman in ta riga ta yi kukan ciwon kai mai tsanani, ganin dishi-dishi da kumburin fuska. Hawan jinin ciki ne, yana kashe uwa da ɗa, kuma akwai allurarsa a asibiti.

Farfaɗiya tana iya zuwa cikin barci, wasu ma a barci kaɗai take kama su. Shaidarta da safe ita ce cizo a gefen harshe, jiƙaƙƙiyar shimfiɗa, ciwon kai da ciwon jiki, da ruɗewa bayan farkawa. Akwai wani nau'i da ke farawa a shekarun balaga, wanda likitan Jamus Dieter Janz ya bayyana a 1957, wanda ya fi kowanne kama da zabura: kafaɗu da hannuwa su fizge farat ɗaya. Bambancin yana ga lokaci. Wannan bayan tashi daga barci yake zuwa, da sassafe, har kofin koko ya suɓuce daga hannun yarinya a yi mata faɗan sakarci; kuma raba dare yana tayar da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu farfaɗiya da kusan miliyan 50, kusan kashi 80 cikin 100 a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi, ta kuma ce har kashi 70 cikin 100 za su iya rayuwa ba faɗuwa in sun samu magani daidai. Ba a ɗaukar ta ta yawu ko ta taɓawa. Wanda ta kama, a kawar masa da wuta da ruwa da abu mai kaifi, a sa masa abu mai laushi a ƙarƙashin kai, a juya shi gefe. Ba a cusa cokali a baki, ba a ɗura ruwa ko jiƙo, ba a danne shi. In ta wuce minti biyar, ko ta dawo bai farfaɗo ba, gaggawa ce.

Jarirai suna da nasu. Sabon haihuwa kan watsa hannuwa in ya ji ƙara ko aka sauke shi da sauri, abin da kan ɓace a wata huɗu zuwa shida. Wasu kuma kan yi ta fizga cikin barci a makonnin farko, amma da an tashe su sai ta tsaya cak. Wannan ba ya da illa. Wanda ake gudu shi ne jaririn da, yana farke ko yana tashi daga barci, zai riƙa dunƙulewa yana sunkuyar da kai sau da yawa a jere, musamman in ya daina murmushi ko wasan da ya saba. Wannan ba ya jiran mako mai zuwa.

Sauran a taƙaice. Wanda ƙafafunsa ke masa tsiko-tsiko ko jan ciki da dare, ba ya samun sauƙi sai ya motsa su ko ya tashi ya taka, yana da ciwon da likitan Suwidin Karl-Axel Ekbom ya bayyana a 1945; yana da alaƙa da ƙarancin sinadarin ƙarfe a jini, da tsohon ciki, da ciwon ƙoda, kuma maganin mura mai sa barci yana ƙara shi. Irin waɗannan mutane sukan yi ta harbin ƙafa cikin barci duk bayan sakan 20 zuwa 40. Mai minshari mai ƙarfi da numfashinsa ke ɗaukewa ya zabura yana shaƙewa, sannan ya yini yana gyangyaɗi, maƙogwaronsa ne ke toshewa, kuma hakan na tafiya da hawan jini. Mai ciwon sukari da ya farka yana karkarwa da gumi da yunwa, musamman mai allurar insulin, sukarinsa ne ya faɗi. A ba shi abu mai zaƙi in yana iya haɗiya. Dattijon da ke naushi da ihu a ƙarshen dare yana aikata mafarkinsa ya kamata likitan jijiyoyi ya gan shi, don hakan kan zama alamar farko ta cutar Parkinson. Dannau kuwa kishiyar zabura ne: hankali ya farka, jiki bai riga ya fita daga sandarewar da ke tare da matakin mafarki ba. Yana da ban tsoro, amma yakan saki da kansa cikin sakanni ko 'yan mintoci.

Abin yi

Zabura ta lafiya ba ta bukatar magani. Wanda ta dame shi ya tsayar da goro da shayi da lemon kuzari daga azahar ko la'asar, ya gwada haka mako biyu. Ya tsayar da lokacin kwanciya da na tashi. Ƙailula gajera bayan azahar tana rage bashin barci, musamman a azumi da bazara, amma in ta yi tsawo ko ta kai yamma sai ta ci na dare. Watsa ruwa kafin kwanciya a lokacin zafi yana taimaka wa jiki ya huce, gidan sauro kuma yana ba mai kwana a waje damar barci ba yankewa. In ta zo, a gyara kwanciya a koma. In barci ya ƙi, a tashi a zauna cikin ɗan haske har ido ya sake yin nauyi. Kada a je kemis a sayi ƙwayar barci da ka. A 'yan lokuta ƙalilan da zaburar ta yi yawa har ta hana barci sam, likita kan rubuta ƙaramin awo na kulonazefam na ɗan lokaci, yana bibiya, domin magani ne mai kama jiki.

Wanda alamominsa suka fita daga siffar da aka bayyana ya fara da asibitin da ke kusa, inda za a auna zafin jiki, hawan jini, sukari, yawan jini da zazzaɓin cizon sauro. In ana zargin farfaɗiya ko wata cutar jijiya, akan tura mutum Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano don ganin ƙwararru da awon wutar ƙwaƙwalwa. Ya tafi da wanda ya ga abin da idonsa, domin mai barci ba ya iya ba da shaidar kansa. Likita zai tambayi lokacin da abin ke zuwa, tsawonsa, gaɓar da ke motsi, ko mutum na amsa kira, da duk abin da yake sha, na asibiti da na gargajiya da na kan titi. In da hali, wani daga cikin iyali ya ɗauki bidiyon abin da waya tun daga farkonsa, a haska fuska da hannuwa da ƙafafu, a kira sunan mutumin a ji ko zai amsa. Sau da yawa wannan bidiyo na minti ɗaya ya fi awon na'ura amfani wajen gane ciwon, domin awon wutar ƙwaƙwalwa kan fito lafiya lau a tsakanin faɗuwa da faɗuwa ko ga mai farfaɗiya ta gaske.